Ɗana, Jarumin Cikin Allo Yana Girma, Kai Fa?

  

Ɗana, magana nake so mu yi a kan 'yar na'urar nan da ba ta barin hannunka, ba ta kuma barin hannun sa'o'inka a nan Auyo, a majalisa, a shagon caji, a bakin tasha, har a kan jingar gona. Wani tsohuwar PSP ce da yayansa ya kawo masa tsaraba daga Kano. Wani wayar Android ce aka zuba mata manhajar PPSSPP, aboki ya tura masa gem a kan memori. Wanda Allah ya hore wa gidansu kuma yana riƙe da Nintendo Switch. Gem ɗin ƙwallo na ajiye shi gefe, shi cikin minti goma an san wanda ya ci, an miƙa wa na gaba. Wanda nake nufi shi ne mai dogon labarin nan na takobi da sulke, dodanni da matsafa, wanda kake shiga rigar jarumi ka raka shi daga ƙauyensu har ƙarshen duniyarsa, kana sara kana kauce wa sara.

Ban zo in ce ka jefa na'urar a kogi ba. Na zauna kusa da masu bugawa na kalla, na yi tambaya an ba ni amsa, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa a kan masu ƙera ta. Abin da na fahimta nake so in damƙa maka, domin wanda ya san yadda aka gina abu shi ke juya shi, wanda bai sani ba kuwa abin ne ke juya shi.

Ka fara da sanin asalinta. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan an kafa shi a birnin Kyoto tun 1889, kuma da buga katin wasa ya fara. Shekara ɗari cif bayan nan, a 1989, ya fito da Game Boy, wadda ta yi suna wajen raba gem da gaban talabijin ta sa shi a aljihu. Sony ya fito da PSP a 2004, ya sayar da kusan miliyan 80 kafin ya daina ƙera ta a 2014. Switch ta fito a watan Maris na 2017, an sayar da fiye da miliyan 150. Kasuwa ce ta manyan kuɗi, kuma a bayan kowane babban gem akwai tarin ƙwararru, masu zane da marubuta da masu kiɗa da injiniyoyi, waɗanda suka shafe shekaru suna gyara shi don kada ka ƙosa ka ajiye. Saboda haka idan ajiyewar tana yi maka wuya, kada ka raina kanka. Kai kaɗai ne kake ja da taron mutanen da suka san aikinsu, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai ka shigo da dabara.

Ita sha'awar labarin jarumta kanta ban ga laifinta ba, don ta daɗe a gidanmu. Dubi labarin Bayajidda, wanda ya ratso ta nan kusa da mu. An ce ya baro Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas da ke ƙasar Malam Madori, ya wuce Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya tarar macijiya ta hana mutane ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya sare kanta, ya auri sarauniya. Baƙo da maƙeri, makami da dodo, sannan tukwici: a kan wannan tsarin aka gina gem ɗin da ke hannunka, kuma kakanninmu sun daɗe suna ba da shi da baki. Iyayenku sun karanta Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Yayyenku sun yi rububin hayar littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Zuciyar saurayi tana son jarumta, haka Allah ya halicce ta.

Amma ka lura da yadda magabata suka yi da tatsuniya. Sun hana a yi ta da rana. Sai an dawo daga gona, an ɗaure dabbobi, an ci tuwo, an yi sallar lisha, sannan kaka ta buɗe baki. Kuma kowace tatsuniya tana da ƙarshe, idan kaka ta rufe ta kowa ya nufi shimfiɗarsa. Sun bai wa ƙage lokacinsa, sun kuma yanka masa iyaka. Na'urar da ke aljihunka kuwa ba ruwanta da dare ko rana. Tana bin ka gona, tana bin ka makaranta, tana kwana ƙarƙashin matashinka, kuma babu kaka a cikinta da za ta ce ya isa, a je a kwanta. Wannan aikin ya dawo wuyanka.

Bari mu leƙa cikinta da kyau. Ɗauki Monster Hunter na kamfanin Capcom, wanda ya yi tashe a kan PSP. Kai mafarauci ne a wani ƙauye. Ka karɓi aiki, a ba ka minti 50 ka kayar da wani dodo mai fiffike. Ka shiga daji da ƙaton takobi a baya. Karon farko, kafin ka gama ɗaga takobin ya make ka da jela, sai ga ka a ƙasa. Karo na biyu ka lura cewa kafin ya yi tsalle yana da wani motsi da yake yi. Da tafiya ta yi tafiya ka san lokacin da za ka mirgina gefe, da lokacin shan magani, da lokacin da za ka laɓe ka wasa takobin da ya dakushe. Ranar da ya faɗi ka feɗe shi, ka kai fata da ƙashi wurin maƙeri ya haɗa maka sulke mai ƙarfi. Da sabon sulken za ka tunkari wanda ya fi shi, shi ma idan ya faɗi a haɗa maka abin tunkarar na gaba. A wasu gem ɗin kuma lamba ce ke hawa. Ka kashe abokan gaba, maki ya taru, jarumi ya tashi daga lebul 9 zuwa 10, haske ya lulluɓe shi, kiɗa ya tashi, ƙarfinsa ya ƙaru kana gani.

A nan sirrin yake. Duk wahalar da ka sha a ciki ana biyanka nan take, ana kuma nuna maka sakamakon a rubuce. Sannan an cakuɗa shi da sa'a. Akwai wani sashe na jikin dodon da ba kullum yake fitowa ba, sai ka kashe shi sau goma, sau ashirin, kowane karo zuciya tana raɗa maka cewa ƙila wannan ne. Masana halayyar ɗan Adam, tun zamanin B. F. Skinner na Amurka, sun gano cewa sakamakon da ba a san ranar zuwansa ba ya fi ɗaure mai nema a kan wanda aka san lokacinsa. Daga nan "bari in ƙara ɗaya" take fitowa, kuma ita ce take kai yaro asuba ido biyu.

Duniya ba ta biya da wannan saurin. Shinkafar da babanka ya dasa a fadama sai ta yi wata huɗu ko kusa da haka kafin a ga buhu, kuma tsakanin dashe da girbi ga kuɗin taki, ga man injin ban-ruwa, ga ciyawa, ga tsuntsu, ga fargabar ruwa. Hadda sai a hankali. Sana'a sai an sha faɗan maigida. Jarrabawa sai ƙarshen zango. Babu haske, babu kiɗa, babu lambar da za ta nuna maka yau ka fi jiya. Babban tsorona, ɗana, shi ne zuciyar da ta saba da biyan minti biyar ta wayi gari ba ta iya jiran na wata huɗu, sai ta riƙa ganin gona da aji da shago duk sun cika nawa, ta gudu inda ake biya da wuri.

Ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Awa 3 a kullum, a shekara awa 1,095 ke nan, wato sama da kwana 45 cur, dare da rana. Gem irin The Witcher 3, wanda aka yi a ƙasar Polan aka kawo shi kan Switch a 2019, yana cin fiye da awa 100 ga wanda yake son leƙa kowane lungu. A ƙarshen waɗannan awanni jarumin ya mallaki sulke da takubba, sunansa ya kai ko'ina a duniyarsa. To kai fa? Izu nawa ka ƙara? Wane aiki hannunka ya iya wanda bara bai iya ba? Me mahaifiyarka za ta nuna ta ce wannan ɗana ne ya ɗauke mini? Shi jarumin ba ya tsufa, idan ya mutu ma a sake tashinsa. Kai kuwa shekarunka na ƙuruciya sau ɗaya ake ba da su. Malamanmu kullum suna tuna mana cewa lafiya da faragar lokaci ni'imomi ne da mutane da yawa suke tafka asara a kansu, kuma za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Na ga wani abu da idona a lokacin da shinkafa ta fara nuna. Ka san aikin koran jan-baki. A ja igiya a rataya gwangwanaye da ledoji, yaro ya hau rumfa tun rana ba ta fito ba, yana jijjiga igiya yana ihu, don tsuntsun nan idan gungunsa ya sauka, kafin ka ankara ya bar zangarniya fayau. Na bi ta wata gona da hantsi na ga yaro a kan rumfa, igiyar tana ɗaure a babban yatsan ƙafarsa, kansa a sunkuye, iyafis a kunne, manyan yatsunsa biyu suna ta rawa a kan maɓallai. A bayansa kusurwar gonar ta yi baƙi da tsuntsu. Yaron kirki ne mai ladabi, da na yi masa magana ya zabura har na'urar ta suɓuce masa. A cikin allo yana kare wani ƙauye daga dodo, abincin gidansu na shekara kuwa ana cinye shi 'yan taku kaɗan daga inda yake zaune. Babu mugunta a ransa ko kaɗan. Hankali ɗaya Allah ya ba mutum, inda ya kai shi can yake.

Mu mutanen Auyo ba sai an yi mana dogon bayani a kan iyaka ba. Kogin da ke gangaro mana daga wajen madatsun Tiga da Challawa, wanda ruwansa ke bin magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja da aka ƙaddamar da gyararrensa a nan Auyo a farkon 2023, shi ne dai kogin da ya ci gonaki da gidaje a 2020 da 2022. Idan ruwa ya bi ƙofa, aka buɗe a kan lokaci aka rufe a kan lokaci, shinkafa ce da alkama. Idan ya fasa jinga, ambaliya ce. Haka gem yake. Ka yi masa ƙofofi, ka riƙe makullin a hannunka.

Ta farko salla. PSP da Switch duka suna da maɓallin da za ka taɓa wasa ya tsaya cak a inda yake, ka dawo ka ɗora. Ke nan "bari in ƙarasa bos ɗin nan", wato babban dodon, ba ta zama uzuri. Da ladani ya ɗaga murya, taɓa maɓallin ka miƙe. Wanda ake bugawa da mutane ta intanet kuma, wanda ba ya tsayuwa, kada ka fara shi idan lokaci ya gabato. Ranar da ka ga kana tsaye a sahu zuciyarka tana tsara yadda za ka kayar da dodo, ko kana sallamewa da sauri don ka koma, to ka binciki kanka tun abin bai yi nisa ba.

Ta biyu barci. Likitoci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya kai ƙarfe biyu na dare yana farauta a allo, asuba za ta wuce shi, a aji kuma sai gyangyaɗi, a gona sai kasala. Ka yanka lokacin rufewa bayan lisha da kaɗan, kuma kada na'urar ta kwana a shimfiɗarka. Ka kai ta ɗakin mahaifiyarka da hannunka, ka karɓa gobe bayan ka sauke nauyin da ke kanka.

Ta uku, aiki ya riga wasa. Aiken iyaye, karatun boko da na allo, gona, shago, duk su wuce gaba, gem ya zo a baya ya zama hutun da ka biya kanka da shi. Awa ɗaya a ranar makaranta ta wadatar, ranar hutu ka ɗan ƙara, ka saita ƙararrawar waya ta tashe ka. Lokacin jarrabawa, da lokacin dashe da girbi, da goman ƙarshe na azumi, ka bai wa amintacce ajiyarta gaba ɗaya. A ƙasar Sin, inda ake ƙera da yawa daga cikin waɗannan wasanni, gwamnati ta kafa doka a watan Agustan 2021 cewa wanda bai kai shekara 18 ba ba zai buga gem na intanet ba sai awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Abin da ƙasar masu sana'ar ta ga ya dace da 'ya'yanta ke nan. Kai babu hukumar da za ta rufe maka, amma kana da abin da ya fi doka ƙarfi, wato tsoron Allah da kunyar iyaye.

Ta huɗu aljihu. Akwai gem ɗin da ake saukewa kyauta, kuma su ne suka fi cin kuɗi. Genshin Impact, wanda wani kamfani na birnin Shanghai ya fitar a 2020, ba ka biyan komai ka shiga, amma manyan jarumai da makamai sai ta hanyar ƙuri'a, kuma ana sayen damar jan ƙuri'ar da kuɗi na gaske. Damar samun jarumi mafi daraja a ja ɗaya shida ce cikin dubu, sai a ja na 90 ake ba da tabbaci. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu gem, ta yanke cewa caca ne. Ka ba da kuɗi tabbas a kan abin da ba ka san me zai fito ba: kai wannan bayanin gaban malaminka ka ji sunan da zai kira shi. Shawarata kada ka sa ko kwabo. Kuɗin data da na caji ma ka rubuta na wata guda ka gani da idonka. Ranar da hannunka ya kai ga wayar mahaifiyarka ko katin bankin mahaifinka saboda gem kuwa, an bar batun wasa an shiga cin amana. Kuma duk wanda ka haɗu da shi a cikin gem, komai zaƙin bakinsa, kada ka ba shi lambar BVN ko NIN ko lambar sirrin da banki ya turo.

Ta biyar ido da zuciya. Masu gem da kansu suna rubuta shekarun wanda ya dace ya buga. A Turai lamba suke sawa, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, a Amurka kuma harafi, E ko T ko M. Zelda: Breath of the Wild na 'yan shekara 12 ne zuwa sama. God of War na PSP, wanda samari suke yawan tura wa juna, na 'yan 18 ne, akwai zubar da jini da tsiraici, kuma labarinsa duk a kan allolin Girkawa yake. The Witcher 3 shi ma na 'yan 18 ne. Gem ɗin da aka turo maka ta waya ba ya zuwa da kwali, don haka ka bincika sunansa kafin ka buɗe, kuma kada ka miƙa wa ƙaninka ɗan shekara takwas abin da masu shi suka ce na manya ne. Batun tsafi da aljanu kuwa, a tatsuniyoyinmu ma akwai su, kuma kowa ya san ƙage ne. Ka bar shi a matsayinsa na ƙage. Amma wanda ya yi izgili da addini, ko ya cika da batsa, ko ka ji yana sa ka raina abin da aka tarbiyyantar da kai a kansa, goge shi, ba ka yi asarar komai ba. Ga ma'auni mai sauƙi: abin da ba za ka iya bugawa mahaifiyarka tana zaune kusa da kai ba, bai kamata ka buga shi kai kaɗai ba.

Jikinka ma yana da haƙƙi. Kowane minti 20 ka ɗaga kai ka dubi nesa, ka miƙe wuya, ka rage ƙarar iyafis. Nintendo ya ce a yi amfani da Switch a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Kada ka yi caji a ƙarƙashin matashi, kuma batirin da ya kumbura a cire shi.

Ka kuma san cewa abin yana iya zama ciwo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da gem cikin kundin cututtuka, kundin ya fara aiki a 2022. Alamomi uku ta ambata: mutum ya kasa riƙe kansa wajen farawa da dainawa, gem ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12 a haka. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu bugawa abin yake kai wa nan, don haka kada ka firgita. Amma ka gwada kanka. Ajiye ta mako guda. Idan makon ya wuce lafiya lau, alhamdu lillahi. Idan ka ji ƙunci da saurin fushi, ko ka kama kanka kana ƙarya don ka koma, ka faɗa wa babban da ka yarda da shi, in ta kama a ga likita a gani. Neman taimako ba abin kunya ba ne, ɓoye ciwo shi ke sa ya ci jiki.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake da kyakkyawan zato a kanka. Yaron da bos ɗaya ya kayar da shi sau ashirin bai yi zuciya ba, ya zauna ya karanci motsinsa, ya sake dabara har ya ci, babu mai ce masa ba shi da haƙuri, babu mai ce masa ƙwaƙwalwarsa ba ta ja. Kai da kanka ka kafa wa kanka hujja. Wannan haƙurin shi lissafi yake nema, shi hadda take nema, shi gyaran injin ban-ruwa yake nema. Yana jikinka, fito da shi waje kawai ya rage. Turancin da jarumai suke yi a allo, ka riƙa tsintar kalmomi kana rubutawa kana neman ma'anarsu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma yatsun da ba sa tsoron maɓalli sun rage wa kansu rabin fargaba. Idan za ka buga kuma, gara ku zauna da abokai wuri ɗaya kuna ganin juna, yadda Monster Hunter yake haɗa mutum huɗu a farauta ɗaya, da ka kulle kanka a ɗaki.

Ka dubi masu ƙera abin su kansu. Shigeru Miyamoto, wanda ya fito da Zelda a 1986, ya sha faɗin cewa daga yawon da ya yi yana yaro a dazuka da kogunan dutse na ƙauyensu Sonobe ya samo tunanin. Da ya ƙare ƙuruciyarsa a sunkuye, da bai sami abin da zai zuba a ciki ba. Kai kana da fadama da kogi, kana da dausayin Haɗeja da Nguru, kana da Baturiya inda tsuntsaye ke sauka daga Turai a lokacin sanyi. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun yi fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari, amma a 2016 suka fitar da Aurion, gem na jarumta da aka gina a kan al'adun Afirka. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, ya gina shi a kan labaran mutanen Bantu da kuma jimamin rasuwar mahaifinsa. Kowannensu abin gidansu ya koma ya ɗebo.

Mu namu yana nan jibge. Ga Bayajidda, ga Amina ta Zazzau, ga Sarki Buhari na Haɗeja, ga Sarki Muhammadu da jama'arsa da suka tsaya wa sojojin Ingila a watan Afrilun 1906 har suka kwanta dama. Ga labaran masunta da sarakunan ruwa, ga 'yan tauri, ga mafarauta, ga 'yan dambe. Ka tuna garin nan yana da harshensa na Auyokawa, yau babu mai yin sa, saboda an kai lokacin da manya ba su miƙa ba, yara ba su karɓa ba. Labarai ma haka suke tafiya. Wayar da kake gem da ita tana ɗaukar murya, je ka zauna gaban tsofaffin unguwarku ka ɗauki abin da suka sani. Manhajojin Scratch da Godot da Blender, waɗanda ake koyon haɗa gem da zane da su, duk kyauta ne. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, maƙwabtanmu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman tana Haɗeja, cibiyar koyon kwamfuta ta jiha tana Kazaure. Ba kowa ne zai zama mai ƙera gem ba, amma wanda ya koyi yadda ake ƙera shi ya koyi lissafi da zane da rubutu da sarrafa kwamfuta, kuma waɗannan suna ciyar da mutum ko bai taɓa fitar da gem ko ɗaya ba.

Abu na ƙarshe, kada ka mayar da na'urar nan abin ɓoyo. Ka zauna da mahaifinka ka nuna masa abin da kake bugawa, ka gaya masa lokacin da ka yanka wa kanka, ka roƙe shi ya riƙa tuna maka. Uba idan ya ga ɗansa ya zo da kansa da irin wannan magana, hankalinsa yakan kwanta, faɗa ya ragu, yarda ta ƙaru. Ƙannenka kuma kai suke kallo, yadda ka riƙe ta haka za su riƙe tasu. Kada ka jira sabuwar shekara ko bayan salla. Yau ɗin nan ka rubuta lokutanka a takarda, ka liƙa a bangon ɗakinka, ka cika alkawarin da ka yi wa kanka.

Allah ya raya ka bisa tafarki madaidaici, ya sa albarka a lokacinka da lafiyarka, ya ba ka ilimi mai amfani da sana'ar halal, ya sa ka zama abin alfaharin iyayenka da garinmu. Allah ya kare mana amfanin gona, ya kiyaye mu daga ambaliya, ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Amin summa amin.